Tiken kasuwa da muke biya kullum, ina kuɗin ke bi?

MaiTebur_Dole
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah kar a mayar da ita siyasa. Shekara 9 ke nan ina da tebur a bakin kasuwa a nan Damagaram, ina saida kayan miya da ƴan ƙullin gishiri da kanwa. Kowace safiya, kafin in yi cinikin fari, mai tike ya iso. Dala 20 nake miƙa masa. Jiya na zauna na yi lissafi a bayan kwalin sukari: jika 3 a wata, jika 36 a shekara, ni kaɗai. To kaniwon da ke gaban teburina tun kafin damina ya toshe da leda da yashi, ruwan ya yi baƙi ƙirin, sauro har da rana tsaka. Makon jiya mu 6 muka haɗa kuɗi muka sa yara suka yashe shi, aka tara ƙazantar a gefe. Har yau ba wanda ya zo kwashewa, iska na mayar da ita inda ta fito. Ban ce kar a biya ba. So nake wanda ya sani ya faɗa mini: daga hannun mai tike, ina kuɗin nan ke bi?

Kabukabu_SabonGari
Wallahi ka riga ni a baki. Mu ma ga kuɗin lamba, ga na riga, ga na tasha. Amma ramin da ya cinye mini taya bara yana nan, har ya yi ƙani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya_Zango
Malam mai tebur, tambaya ɗaya. In ka ba shi dala 20 ɗin, yana yago maka takardar ya ba ka, ko hannu da hannu ne kawai?

MaiTebur_Dole
Hajiya, gaskiya wani lokaci yana ba ni, wani lokaci in ciniki bai buɗe ba sai in ba shi dala 10 ya wuce, ba takarda. Mun saba.

Hajiya_Zango
To ai ka amsa rabin tambayarka da bakinka.

TsohonMaiKarɓa
Bari in sa baki, don na yi wannan aiki shekaru a wata ƙaramar hukuma, ba a nan cikin gari ba. Yadda tsarin yake a takarda: ma'ajin hukuma ne ke riƙe da littattafan tike. Kowane littafi da lambobinsa a jere, kowane tike kashi biyu ne, wanda ake yagewa a ba ka da gindin da ke zama a littafin. Mai karɓa ya sa hannu ya ɗauki littafi, in ya ƙare ya dawo da gindin da kuɗin da ya yi daidai da shi, a cire masa ɗan kasonsa. Ke nan hukuma ba ta san kuɗin da ka bayar ba, tiken da aka yage ta sani. Dala 10 ɗin da ka bayar ba takarda, ko a mafarki ma'aji bai gan ta ba.

Kuma ba nan kaɗai ake yoyo ba. Akwai wanda zai ba ka tike da safe, da yamma ya bi ƙarƙashin tebura yana tsince waɗanda aka yar, ya miƙe su da hannu, gobe ya sake sayar da su. Shi ya sa ake son a buga kwanan wata a kai. Akwai kuma littafin da ba daga ma'aji ya fito ba sam, launi ɗaya, rubutu ɗaya. Ba na wanke kaina, na ga abubuwa, na yi shiru a kan wasu. Amma ku sani yawancin masu karɓar nan ba su da albashi, kason nan shi ne tuwonsu. Mutum ya yini a rana ana zaginsa, ga mai tebur da kansa na cewa karɓi rabi ka wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ƊanBirni74
Allah ya saka da alheri Baba, ka faɗi gaskiya. Amma kar a ɗora komai a kan ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya isa asusun fa? Shi ma ba mu gani a ƙasa ba.

TsohonMaiKarɓa
Haka ne ɗana. Wanda ya isa asusu, kafin a kai ga kaniwo an bi ta albashin ma'aikata, da man mota, da kuɗin wuta, da bashin bara. Inda na yi aiki, akwai watan da abin da muka tara kaf bai biya albashi ba.

Mushe_Ritaya
Akwai abin da mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali daban ne. Tiken kasuwa, da kuɗin tasha, da na kan dabba a kasuwar dabbobi, da na mahauta, da kuɗin kai na shekara, waɗannan ƙaramar hukuma ce ke karɓa da kanta. Amma fatantin mai shago, wato harajin sana'a, da harajin gidajen haya, ma'aikatan haraji na gwamnatin tsakiya ne ke karɓa, su shiga baitulmali, daga baya a mayar wa ƙananan hukumomi kasonsu. Wannan "daga bayan" shi ne magadan gari suka daɗe suna kuka da shi, don kuɗin da ya tafi sama ba ya saurin saukowa. Akwai kuma hukumar ANFICT, wadda aka kafa don ta riƙa tura tallafin gwamnati zuwa ƙananan hukumomi.

Mu tuna abin nan duka yaro ne. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a wannan tsari. An ba su haihuwa da mutuwa, da shara, da kasuwa, da tituna na cikin unguwa, har da hannu a lakkol da ɗakunan shan magani, amma aljihun da aka ba su bai kai nauyin ba. Birnin Damagaram gunduma 5 ne, a ƙidayar 2012 mutanensa sun haura dubu 300. Ku duba yadda unguwanni suka miƙe tun lokacin, sannan ku tambayi kanku motar kwasar shara nawa kuka taɓa gani da idonku.

Kabukabu_SabonGari
Mushe ni dai guda 2 na sani, ɗaya ma turawa ake.

Uwar_Biyu
Ku kuna ta kaniwo. Mu ruwan sha ne damuwarmu. Watan zafi famfonmu sai ƙarfe 3 na dare yake tari, in ya ga dama. Sauran kwanaki ƴan ga-ruwa, kura guda ta cinye kuɗin cefane. In za a ce in biya lanho, wato haraji, ninki biyu ruwa ya zo, wallahi gobe da asuba zan kai.

Mushe_Ritaya
Ɗiyata, ruwan famfo ba aikin magajin gari ba ne, na gwamnatin tsakiya da kamfanin ruwa ne. Kuma matsalar ta girme mu duka. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwa daga nesa, Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926.

Uwar_Biyu
Mushe, mai ƙishirwa bai san wannan rabon aiki ba. Mu dai hukuma hukuma ce.

Bamiriye
Ku na birni ma kuna da wanda za ku tambaya. Mu a ƙauyenmu, can gaba da Miriya, dala 140 ne kowane kai a shekara, mai gari ke tarawa bayan an cire amfanin gona. Kuɗin ba yawa, amma ku ji inda gizo ke saƙa. Takardar gidanmu har yanzu da sunan kawuna wanda ya rasu shekara 6, da ƙannena 2 da ke Libiya. Ƴaƴan yayana kuwa da suka yi aure suka haihu, ba su a ciki. Kowace shekara sai an yi wannan gardama a ƙofar mai gari. Wani ya ce ba ya biya wa mamaci, wani ya ce shi ba a rubuta shi ba. Mai gari kuma kunya ta hana shi matsa wa mutanen da yake sallah da su sahu ɗaya. Ƙarshe a kai abin da ya samu.

TsohonMaiKarɓa
Wannan ita ce babbar cutar. In ba a sabunta rajistar masu biya ba, kasafin kuɗin da ake rubutawa farkon shekara lissafin dokin rano ne. Ƙidayar kuma kuɗi take ci, hukumar ba ta da su, don ba ta tara ba. Ka ga maciji ya haɗiye wutsiyarsa.

Ɗaliba_UAS
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, kuma maganar Bamiriye ta tuna mini wani gwaji da aka yi a Kananga, ƙasar Kwango. An raba unguwanni, wasu aka tura ma'aikatan gwamnati su karɓi harajin gida, wasu aka ba masu unguwa. Masu unguwa suka tara fiye da ma'aikata da kusan kashi 44 cikin 100. Ba don ana tsoronsu ba, don sun san gidan da ke da hali da wanda babu, ba sa ɓata ƙafa a banza. Sai dai an samu ƙarin na goro a hannunsu.

Na biyu Firitawun, babban birnin Saliyo. Magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta sa an yi amfani da hoton tauraron ɗan adam aka ƙidaya gine-gine, aka bi gida gida ana duba girmansa, da irin rufinsa, da bangonsa, da ko yana bakin kwalta. Kowane abu da makinsa, makin ne ke fitar da abin da za ka biya. Gidajen da ke cikin rajista suka kusa ninkawa, nauyin kuma ya koma kan manyan gidaje. Abin bai tafi sumul ba, har gwamnatin tsakiya ta dakatar da shi na wani lokaci a 2020. Abin da nake son in ce, a wurinmu mai tebur ne ke biya kullum don shi ake gani a fili. Mai bene hawa 3 da shaguna 10 a ƙasa fa?

Alhaji_Transit
Ƴata, a bi sannu. Masu benen nan da kike gani suna biyan abin da ba ki sani ba. Kwastan, fatanti, harajin haya, ga zakka, ga ƴan uwa 30 a wuya. Ni bara ofis 2 daban suka zo mini kan shago ɗaya, kowa da takardarsa, kowa ya ce ta ɗayan ba ta shafe shi ba. Tun da aka shiga rikicin iyaka kuma ciniki ya ja baya, ku tambayi duk mai ɗauko kaya daga Kano. A fara gyara wanda ake karɓa kafin a ƙirƙiro sabo.

ƊanBirni74
Kuma a tsohuwar unguwar Birni akwai gidan da za ki gani ƙato, zaure da soraye, ki ce na attajiri ne. Ki shiga ki tarar da gwauraye tsofaffi 4 da marayu, gidan gado ne tun zamanin kakanni, ko yaɓen damina ba sa iyawa. Tauraron ɗan adam zai ga wannan?

Ɗaliba_UAS
Yaya ƊanBirni, ba zai gani ba, shi ya sa na fara da maganar masu unguwa. Hoto ya ƙidaya, mai unguwa ya ce wannan a sassauta. Alhaji kuma, Allah ya huci zuciyarka, ban ce ba kwa biya ba. Amma in ka raba abin da Malam mai tebur ke biya da jarinsa, ka raba naka da jarinka, wa ya fi jin jiki?

Alhaji_Transit
Ƴan jami'a ba a kayar da ku a magana. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Baba_Tanimu
Ku yara ba ku san haraji ba. Mu mun ji daga bakin iyayenmu yadda ake shanya mutum a rana saboda bodo, wato kuɗin kai, zamanin Nasara, wasu su tsallaka Najeriya da dare da iyalinsu. Jangali kuma a ƙidaya maka shanu ko sun mutu. Har bayan samun mulkin kai ana wannan, sai zamanin shugaba Kunce da kuɗin uraniyom suka shigo aka sauke wa talaka. To tsoron nan bai fita daga jinin mutane ba. Talaka ya ɗauki haraji abin da ake ƙwata ne don a bar ka lafiya, bai taɓa ɗaukarsa kuɗin da zai tambayi bayaninsa ba. Shi ya sa tambayar yaron nan mai tebur ta burge ni. A zamaninmu ba mai yin ta.

Sabo_Garin_Malam
Tambayar wa za a yi yanzu? Da ko ba komai akwai kansilan unguwa, ka tare shi a wurin suna ka sauke masa. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo.

Kabukabu_SabonGari
Lokacin da kansilolin ke nan me suka yi? Ramin nawa ai a gabansu aka haife shi.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a yi hattara. Mai tambaya ya roƙa kar a shiga siyasa. Wanda ya kama sunan wani ko jam'iyya zan goge.

Mushe_Ritaya
Ba siyasa ba, gyara kaɗan. Ko lokacin da majalisa ke nan, doka ta ce zamanta a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara. Na je sau 2 lokacin zaman kasafin kuɗi. Ban da ƴan jarida da mu tsofaffi 3, ba kowa. Da faransanci ake karanta lambobi, mai tebur ko ya zo me zai ɗauka? Da a ce kowane wata 3 a fito gidan rediyo a faɗa da Hausa: kasuwa kaza ta tara kaza, an kashe kaza a kaza, da an rage zargi. Ko allo a ƙofar kasuwa, da alli ma ya isa.

Hajiya_Zango
Allon nan shi ne magana. Mu a ƙungiyarmu ta adashi, mata 40, duk ranar Juma'a sai an zube kuɗi a faranti an ƙirga a gaban kowa. Shekara 7 ba a taɓa faɗa ba. Ba don mun fi kowa tsoron Allah ba, don kowa na gani ne.

Injiniya_Karkada
Ni ina ganin maganin tiken bogi waya ce. Yau wa bai san tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money ba? A ba kowane tebur lamba, ka biya ta waya, saƙo ya shigo maka, kuɗi su faɗa asusu kai tsaye. Ko a ba mai karɓa ƴar na'ura mai fitar da resi, duk abin da ya buga ana gani a ofis nan take.

MaiƘosai_Tasha
Ɗana, ni wayata ko rubutu ba na iya karantawa a ciki, jikata ce ke rubuta mini wannan ma. Da hannu cikin mai da ƙullu zan tsaya latsa waya saboda dala 10? In kuma ba rezo fa, ko wuta ta ɗauke kwana 2 wayar ta mutu? Sai a ce ban biya ba a ɗauke mini kasko.

Injiniya_Karkada
Inna, shi ya sa na ce ko na'ura a hannun mai karɓa. Ke kuɗi za ki ba shi yadda kika saba, shi ne zai latsa.

TsohonMaiKarɓa
In ya latsa. Wanda ya karɓi dala 10 bai yagi tike ba, zai karɓi dala 10 bai latsa ba. Na'ura na hana littafin bogi da tiken jiya, wannan gaskiya ne. Amma "karɓi rabi ka wuce" sai ranar da mai biya ya ga takardar na da amfani gare shi.

Bakin_Tabki
Ina karanta ku tun safe. Ni abin da ke ci mini rai, ba mu ɗauki kaniwo da muhimmanci sai ruwa ya zo. Kowa ya ga daminar 2024, har tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi a watan Satumba. Unguwarmu mun kwana a tsaye muna kwalfe ruwa da bokiti. Ruwan ya yi yawa, ba musu. Amma hanyoyin da zai bi ya faɗa tabki an cike su da shara, wasu an yanka fuloti an yi gini a kai. Kuma mu faɗi gaskiya, ledar da ke cikin kaniwon Malam mai tebur ba daga sama ta faɗo ba.

Sabo_Garin_Malam
Ka taɓo wani wurin. Sayar da fuloti ai shi ne ya zama saniyar tatsar ƙananan hukumomi da yawa a ƙasar nan. In albashi ya gagara a yanka fili. Fili kuma ƙarewa yake, ga unguwa ta tashi ba hanyar ruwa, ba wurin lakkol.

Uwar_Biyu
A ba mu wurin zubarwa mana, sai a ga ko za mu zuba a kaniwo. Yaron da nake ba dala 10 ya kai shara, na san ba ya wuce kwanar gidanmu.

MaiTebur_Dole
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Yau da safe da mai tike ya zo na ba shi dala 20 cif na ce yago mini. Ya dube ni ya ce, yau kuma lafiya? Na ce lafiya lau. Ya yago. Na duba, akwai lamba, ba kwanan wata. Na sa a cikin gwangwanin da nake ajiye canji, na ce wa maƙwabtana 5 su ma su riƙa ajiyewa. In wata ya cika za mu haɗa su mu ba shugaban ƴan layinmu ya kai, ya ce ga abin da tebur 6 suka biya, ga tsibin sharar nan. Mushe, in za ka rubuta mana ƴar takarda da faransanci mu haɗa da ita, mun gode.

Mushe_Ritaya
Zan rubuta, in sha Allah. Ku yi kwafi 2, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da ita. Kuma ku rubuta kwanan wata da biro a bayan kowane tike.

Alhaji_Transit
Allah ya sa a karɓe ku. Ni dai na kai irin wannan takarda sau 3.

Hajiya_Zango
Alhaji, kai kaɗai ka kai. Su 6 ne, da gwangwani.

Kabukabu_SabonGari
To mu da ba a ba mu tike kullum, me za mu tara? Tsoffin tayoyi?

MaiAmalanke_Kanya
Malam mai tebur, kafin wata ya cika ruwa ya mayar da sharar nan cikin kaniwo. Ina da amalanke da jaki. Sawu 3 za ta yi in yadda ka faɗa ne, dala 100 kowane sawu. In kun shirya in zo gobe bayan azahar.

MaiTebur_Dole
Dala 80. Kuma ina za ka kai ta?